Riba Biyu, Hannu Ɗaya

Binta, ke ce kika tsare ni da tambaya ranar sunan ɗanki, a gaban baƙi ma don rashin ta-ido, wai shin gaskiya ne Kawu Malam ya bar duniya ba ya cin abincin gidana. Na ce ki bari a watse, aka watse na yi miki shiru. To yau zan faɗa, ke da 'yan'uwanki duka, don na gaji da jin labarina a bakin mutanen da ko wurin ba su je ba. E, gaskiya ne. Wajen shekara biyu Yaya Malam bai sa lomar gidana a bakinsa ba, har ya koma ga Allah. Amma maganar da ake yawo da ita cewa na sayar da yayana saboda kujerar banki, wannan ƙarya ce tsagwaronta. Abin da ya faru ya fi haka rikici, ni da abin ya faru a kaina har yau ban gama warware shi ba.

Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ni da shi. Iyayenmu daga Haɗeja suka zo Nguru lokacin da jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa, shi ya ɗauki karatu, ni na ɗauki kasuwa, riɗi da ƙaro. Tun da matarsa ta rasu ya ce ya gama aure, cinsa da shansa suka dawo hannuna. Kun san 'yar ƙofar nan da ke jikin katangar da ta raba gidajenmu, don kwanonsa aka fasa ta. Da kaina nake kai masa, ba na aike. Kullum sai ya ce yaji ya yi yawa, kullum kuma sai ya suɗe kwanon. Duk garin nan Hajiya ake ce mini, shi kaɗai ke kirana Kande, ina amsawa kuwa da gudu ko ina tsakiyar awo.

Da 'yan kasuwar Nguru da na Gashuwa suka haɗa kai suka kafa ɗan bankinsu na Musulunci, shi aka ɗora a kan kwamitin malamai, masu duba cewa haram ba ta shiga ba. Bankin ba ya ba ka kuɗi a hannu. Ka ce injin ban-ruwa kake so, sai ya saya ya sayar maka da ƙari sananne, ka biya sannu a hankali. Wannan na gane shi sarai, ai ciniki ne. Abin da ban gane ba shi ne dalilin da ya sa aka ce ni ma in zama darakta, wato in shiga cikin 'yan kaɗan ɗin da ke yanke shawarar yadda za a tafiyar da bankin. An ce masu ba da lasisi suna son su ga mace a ciki. Na ce ni da ban yi boko ba? Yaya Malam ya ce in karɓa, zai samu ido a wurin. Na karɓa, na kuma zage na bi mata gida-gida, har Machina da Jajimaji da Dapchi, ina ce musu su sa hannun jari, yayana ne ke tsaron halal ɗin. Da sunansa na tara su, da fuskata suka yarda.

Shugabanmu Alhaji Maina ne, babban ɗan kasuwar shinkafa da kifi a Gashuwa. Shi ya fi kowa jari, shi ne shugaba, manajan kuma, Bukar, ɗan ƙanwarsa ne. A lokacin ban ga aibun haka ba, ai mu a kasuwa ɗanka kake ba wa mabuɗin shago. In an zo zama sai a ajiye wa kowa tarin takardu da Turanci, ni ma a ajiye mini nawa, in riƙa fifita da su. Shekarun farko ba abin arziki, ruwa ya ci gonaki, mutane suka kasa biya. Matan da na tara in sun gan ni gidan biki sai su ce, “Hajiya, ya jikin bankin naku?” kamar masu gaida mara lafiya. Kunya kamar in nutse.

Yanzu ku tsaya in gaya muku wani abu a kan bakinmu na Hausa, don a kansa komai ya rataya. Riba biyu gare mu. Akwai ta kasuwa, wadda kowa ke roƙon Allah ya ba shi, ita jan ta ake yi, murya ta sauka a ƙarshe. Akwai ta malamai, wadda Allah ya haramta, ita gajera ce, murya ta tashi. Mu da muka sha Hausa a nono ba ma haɗa su. A kasuwa ma ba ma kiran ta biyun da wannan suna, kuɗin ruwa muke cewa. Amma a bankin nan kowa ya zama malami, ba wanda ke son a ji ya ce kuɗin ruwa kamar jahili, sai riba, riba. Ga kuma Alhaji Maina, mutum ne Babade, Hausarsa ta ciniki ce, tana kai shi ko'ina, amma a bakinsa riba ɗaya ce tak. Har tsokanarsa nake yi ina cewa, Alhaji, wace daga ciki? Ya yi dariya ya ce, “Mai daɗin, Hajiya.”

Shekarar da nake ba ku labari, aka kira zama a ofishin Gashuwa cikin bazara, zafi kamar a gasa mutum. Ni kaɗai ce mace, saboda haka can ƙarshen tebur nake zama, jikin taga, janareto kuwa a bayan tagar yake. Bukar ya miƙe yana ta murmushi, ya ce bana Allah ya yi, banki ya samu abin da bai taɓa samu ba, kowane mai hannun jari zai ga alheri. Wallahi sai da na ji hawaye, fuskokin matan nan ne suka zo mini. Ana cikin tafi sai Yaya Malam, wanda aka gayyato don ya sa albarka, ya yi gyaran murya.

“Bukar, ɗana, me muka sayar bana da ba mu sayar bara ba?”

Bukar ya ce ba sayarwa ba ce. Kuɗin mutane ne ke kwance ba sa aiki, sai ya kai su wani babban banki a birni suka juya, ana ba mu wani abu duk wata.

“Abin da ake ba mu, yana hawa yana sauka?”

“A'a Malam, tsayayye ne. Amma a takardar an rubuta haɗin gwiwa ne.”

“In sun faɗi, mu ma mun faɗi?”

“Ba za mu faɗi ba, Malam, sun ba da tabbaci.”

“To wannan riba ce.”

Gajerar ya faɗa, kowa ya ji. Ya ce a ware kuɗin nan duka a yi sadaka da su, ko sisi kada ya shiga aljihun mai jari. Bukar ya ce in aka yi haka bana ma faɗuwa za a rubuta, mutane kuwa in suka sake jin faɗuwa za su yi layi su kwashe ajiyarsu, bankin ya mutu. Ɗaki ya kaure. Wannan ya ce riba ce, wancan ya ce wallahi riba ce, kowa na bugun tebur, ni kuwa ina can ƙarshe ina juya kai kamar kaza, ban san wa ke bayan wa ba. Sauran malaman biyu na kwamitin suka sunkuyar da kai suna jan carbi, ban zarge su ba, alawus ɗinsu daga hannun Alhaji yake fitowa. Da Alhaji ya ce a kaɗa ƙuri'a, Yaya Malam ya ce halal da haram ba a ɗaga musu hannu. Alhaji ya ce malamai shawara suke bayarwa, daraktoci ke yankewa, haka tsarin yake. Ban san ko haka yake ba, ba wanda ya taɓa karanta mini. Daraktoci sun rabu gida biyu daidai, saura ni.

Alhaji ya gyara goron da ke kuncinsa, ya ce:

“Duk wanda ya yarda riba ce, ya ɗaga hannu.”

Na ɗaga. Ni na fara ɗagawa ma, kaina a sunkuye, don ba tarbiyyata ba ce in tsura wa maza ido. A raina ina cewa ga Kande ta tsaya wa yayanta. Da na ɗago sai na ga hannun Alhaji a sama, da na mutanensa. Waɗanda ke bayan Malam kuwa hannayensu na kan cinya, sun saki baki suna kallona. Na shiga uku! Kafin in haɗiye yawu Alhaji ya ce alhamdu lillahi, Hajiya ta raba gardama, a shafa fatiha. Aka shafa. Ladan ya kira azahar, maza suka miƙe suna neman takalma. Kuna iya cewa me ya hana ni in yi ihu a nan take. Na tambayi kaina wannan har na gaji. Bakina ne ya yi nauyi, kuma ba zan ɓoye muku ba, can ƙasan raina wani abu ya yi sanyi da na gane matan nan za su samu.

Mota ɗaya muka shigo da shi zuwa Nguru. Har muka wuce Jajimaji yana kallon gonaki ta taga. Na kasa daurewa.

“Yaya, wallahi ta haram na ji.”

“To ki faɗa a inda kika ɗaga.”

Washegari na sa aka kira mini Bukar, na ce a sauke hannuna. Ya ce, “Hajiya Baba, ba a sauke hannu bayan an tashi, sai dai a babban taron shekara, gaban masu jari duka.” Na ce to kada a ba ni kasona. Ya ce ba shi ke bayarwa ba, na'ura ce, kowa asusunsa za ta zuba. Na ce a gaya wa na'urar. Ya yi dariya, ni kuwa ba wasa nake ba. Bayan 'yan makonni ina tsakiyar auna riɗi wayata ta yi ƙara, yaran shago suka ce alat ne. Kuɗin sun shiga cikin kuɗin cinikina sun cakuɗe, ba ka ce ga wannan ga wancan.

Ranar na yi masa tuwon shinkafa da miyar kuka da bandar kifi, abin da ya fi so. Na shiga da sallama na ajiye. Bai buɗe ba.

“Kande, ɗauki abinki. Allah ya yi miki albarka, amma ɗauki.”

Na tsaya kamar an dasa ni. Na ce Yaya, shinkafar nan tun kaka take rumbuna. Ya ce man fa, da itacen? Raina ya ɓaci, na ce yo ashe yau har itace sai an tambayi asalinsa? Na kwashi kwanona na fito ina huci, na zauna a tsakar gida na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar babanku. Kashegari na fitar da daidai abin da ya shigo, har da ƙari don kada in yi kuskure, na kai asibiti aka saya wa marasa ƙarfi magani. Na koma da kwano ina murna. Ya ce, “Naki kin wanke. Na matan da kika tara da sunana fa? Ranar da kika miƙe a taro kika faɗi abin da kika gaya mini a mota, ranar zan ci, ko da yajin ya fi na kullum.”

Na yi niyya, Allah shi ne shaida. Har na haddace abin da zan faɗa, ina maimaitawa a kan sallaya. Ranar taron aka kafa rumfuna a Gashuwa, mata suka cika gefe guda, wasu tun asuba suka taso daga ƙauye. Ina sauka daga mota wata mata ta riƙe mini hannu biyu, Ya Falmata, mai sayar da man gyaɗa, ɗaya daga cikin waɗanda na fara shigarwa. Mijinta na kwance da ciwon ƙodar nan da ya addabi mutanen bakin kogi.

“Wushe, wushe, sannu Hajiya! Kuɗin nan da suka shigo, da su aka yi wa maigida wankin ƙoda. Ga shi har yana zama. Kullum sai na yi miki addu'a, ke da Malam.”

Ke da Malam, in ji ta. Na riga na tambayi Bukar abin da zai faru in na yi magana. Ya ce hukuncin zai rushe, sai an bi kowa an karɓo abin da aka ba shi, wanda ya kashe a cire daga jarinsa. Da aka zo kaina aka miƙo mini lasifika, na miƙe. Yaya Malam na zaune a layin gaba da farar alkyabbarsa, Ya Falmata na can tana ɗaga mini hannu. Na yi sallama. Na gaida shugaba, na gaida malamai, na gaida iyaye mata, na sake gaida malamai. Kalmar na bakina, amma ina buɗewa sai na rasa wacce ce za ta fito, doguwar ko gajerar. Sai na ji kaina ina cewa Allah ya ƙara mana albarka, ya kai mu baɗi lafiya. Aka yi tafi, na zauna. Yaya Malam ya miƙe a hankali, ya naɗe buzunsa, ya ce ya ajiye aikin, ya nufi tasha shi kaɗai.

Abin da zai ba ku mamaki, shekara ba ta zagayo ba masu binciken bankuna suka zo daga sama suka tono maganar. Suka hana kai kuɗi wancan bankin. Suka ce mai babban jari ba zai zama shugaba ɗan ƙanwarsa na manaja ba, suka kuma ce hukuncin malamai a kan halal da haram ba a kaɗa masa ƙuri'a. Ashe tun farko haka ya kamata ya zama, hannun nawa ma bai da hurumi a maganar. Oh ni Kande! Hannun da bai da hurumi ya raba ni da yayana. Bankin na nan har yau, kuna wucewa ta gabansa, abin da yake samu kaɗan ne amma ba wanda ke gardama a kansa. Ni dai na sauka daga kujerar, na sayar da jarina. Na je na gaya masa ga shi gwamnati ma ta ba shi gaskiya. Ya ce shi ba gwamnati ya jira ta miƙe ba.

Kada ku ɗauka gaba muka yi. Kullum da safe sai na leƙa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi jikina da kasuwa. Shi ya ɗaura aurenki, Binta, amma ko goron ɗaurin auren bai tauna ba, a aljihu ya sa ya ba wa wani a hanya. Matar ɗansa ce ta karɓi girkin, yarinyar kirki, sai dai tuwonta ko a jefi kare da shi. Ina kallo yayana yana ramewa, wuyan riga na yi masa yawa, ni kuma tukunyata cike. Wani lokaci in yi fushi in ce taurin kai ne kawai irin na gidanmu. Wani lokaci in ce shi ke da gaskiya. In na tuna mijin Ya Falmata, wanda ya ƙara damina biyu a duniya ya aurar da 'yarsa, sai in rasa ma me zan ce. Na tambayi malamai da dama a ɓoye, wannan ya ce ba ni da laifi tunda kuskuren ji ne, wancan ya ce shirun da na yi a taro shi ne laifin. Kowanne in na fito daga wurinsa sai in ji ya fi na baya gaskiya.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, komai aka ba shi sai ya dawo. Wata ranar da hantsi na ce yau ko zai kore ni sai na kai. Na dama kunun tsamiya da geron da na tabbatar daga gonar babanmu ya fito, na shiga na zauna a bakin tabarmarsa. Abin mamaki, ya miƙo hannu ya karɓi kofin. Ya riƙe shi a ƙirji yana kallona, sai ya yi 'yar dariya.

“Kande, in gaya miki wani abu? Ranar nan, da Maina ya yi tambayarsa, ni ma ta haram na ji. Da na ga hannunki ya riga na kowa har hamdala na yi.”

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

“Yaya! Ashe ka sani? Ka sani ka bar ni ina yawo da kwano shekara biyu?”

“Abin da kunnenki ya ji na sani. Abin da ranki ya so ne ban sani ba. Shi nake tambaya yanzu. Da Maina ya faɗa daidai, kin ji sarai, da wanne za ki ɗaga wa?”

Kofin na hannunsa, tururi na tashi. Kalma ɗaya ce, in na faɗa zai sha, na san zai sha. Kuma ba zai taɓa gane ko ƙarya na yi ba. Na buɗe baki, na duba cikin raina iyakar dubawa, na ga shi, na ga matan nan a ƙarƙashin rumfa.

“Wallahi Yaya ban sani ba.”

Ya lumshe ido har na ɗauka barci ya yi, kofin na nan a hannunsa bai kai baki ba, bai kuma ajiye ba. Can ya buɗe ido, ya taɓa gefen kofin da yatsa, ya miƙo mini.

“Ya huce, Kande. Gobe ki kawo mai zafi.”

Na fito ina juya maganar. Korata ya yi cikin ladabi, ko cewa ya yi zai sha? Na tambayi matar ɗansa da ke bakin ƙofa, ta ce ita ma ba ta gane ba. Ni dai na jiƙa gero. Da sassafe na tace, na hura wuta da kaina, na tsaya a kan tukunyar don kada ya yi gudaji, na zuba a kofi na rufe da faifai don kada ya sha iska. Na kai tsakiyar tsakar gida ke nan na ji an ɗauki salati a bayan katanga. Kofin na ƙona mini hannu, ban san inda zan ajiye shi ba.